Sababbin zuwa, ku karanta kafin ku fita da yara cikin zafin birni

Maganar da ba ta barin bakin sababbin zuwa zama a biranen ƙasashen waje masu zafi ita ce, "Ai mu mun saba da rana." Da ita ake kwasar yara ƙarfe ɗaya na rana a nufi filin wasa, da ita kuma ake ƙarewa a ɗakin taimakon gaggawa. Jiki ne ke koyon jure zafi, kuma yana mantawa. Yaron da ya yi makonni daga ɗaki mai sanyi sai mota mai sanyi sai aji mai sanyi, yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 ana fita da shi kaɗan-kaɗan kafin jikinsa ya ware. Ga kwalta da siminti da ke wuni suna shan rana, su yi ta amayar da ita har dare. In birnin na bakin teku ne, iska jiƙe take, gumi ba ya bushewa, gumin da bai bushe ba kuwa bai sanyaya kowa ba.

Samun wurin zuwa ba wuya. Akwai lambunan shaƙatawa, gidan namun daji, wurin ninkaya, hanyar keke, bakin ruwa. Ku tambayi waɗanda suka riga ku zuwa, mutanenmu ba su da rowar sani, a nan kam abin alfahari ne. Ku dai duba ko sai an yanki tikiti ta intanet, ku riƙe katin zama, don wasu wuraren na rage wa mazauna kuɗi.

Lokaci ne abin lura. Ku fita daga wayewar gari zuwa ƙarfe 9, ko kuma bayan rana ta faɗi. Tsakanin 10 na safe da 4 na yamma hasken rana ya fi ƙuna, zafin iska kuma yakan kai ƙarshe ne wajen ƙarfe 3, ba tsakar rana ba. A manhajar yanayi akwai lamba ta biyu, wadda ke nuna yadda jiki zai ji zafin idan an haɗa da danshi. Ita za ku bi.

A filin wasa, kafin yaro ya hau lilo ko abin sulɓi, ku ɗora bayan hannu a kai na daƙiƙa 5. In kun janye, to fatar yaro ba za ta jure ba. Ciyawar roba da baƙin daɓen roba sun fi yashi ɗaukar zafi, kada a cire takalmi. Kada a jira yaro ya ce yana jin ƙishirwa, wasa kan ɗauke masa hankali. Ɗan shekara 9 zuwa 12 da ke guje-guje a ba shi milimita 100 zuwa 250 na ruwa duk minti 20. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ba shi ruwa, nono za a ƙara masa, kuma a inuwa zai zauna. Kada a lulluɓe keken jariri da busasshen zane da sunan kare shi, cikin keken ne zai ƙara zafi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, don haka a shafa man kare fata daga rana wanda lambar SPF da ke jikin kwalbarsa ta kai 30 ko sama, a sake duk awa 2 da kuma bayan an fito daga ruwa. A wurin ninkaya, yaro ba ya ihu in yana nutsewa. A ware babba ɗaya, ba waya a hannunsa, yana tsaye inda in ya miƙa hannu zai taɓa ƙaramin.

Sai mota, kuma a nan ba ni da sassauci. Motar da aka kashe a rana takan ƙara zafi kusan digiri 11 a ma'aunin Celsius cikin minti 10. In waje 38 ne, kafin ku biya kuɗi a kanti ciki ya doshi 50. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba nesa ba kusa ba. Sauke gilashi kaɗan ba ya magani, inuwar bishiya kuma gusawa take. "Yana barci ne, yanzu zan fito" ba uzuri ba ne. A ƙasashe da yawa mai wucewa zai kira 'yan sanda, daga nan sai ofishin kare yara ya shigo gidanku, da tambayoyi da takardu na watanni, ku da takardun zamanku ba su gama zama ba. Wannan ma in Allah ya sa yaron na raye. Sau da yawa ba ganganci ba ne, mantuwa ce. Iyalai uku sun fita da mota biyu, kowa na zaton yaron na hannun wani. Ku ƙirga yara da suna wajen shiga da wajen sauka. Direba ya ajiye wayarsa ko jakarsa a kujerar baya kusa da yaron. A gida a kulle mota a ɓoye makulli, yara kan shige wasan ɓuya su kasa fita. Ƙarfen bel ɗin kujerar yaro ma yana ƙuna, a taɓa shi tukuna.

In yaro ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gumi na zuba, jiki ya saki, a kai shi wuri mai sanyi, a sassauta kaya, a jiƙa fatarsa ana fifita, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. In minti 30 ya wuce bai dawo daidai ba, ko ya fara sambatu, tangaɗi, jijjiga ko suma, rana ta buge shi ne. A kira motar asibiti nan take, a yi ta zuba masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, kada a ba shi maganin zazzaɓi, ba ya aiki a nan. Lambar gaggawa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ku nemi ta inda kuke yau, ku sa a wayar uwa da ta uba, manyan yaran kuma su haddace ta.