Yadda na ceto laftof ɗina bayan fuskarta ta yi baƙi

Daren Laraba ina gida a Mabera, laftof ɗina tana sabunta Windows 10 aka ɗauke wuta, batirin kuma dama zafin Sakkwato ya gama cinye shi. Da safe na kunna, tambarin Windows ya fito, ɗigo-ɗigon nan suka yi ta juyawa, sai fuska ta yi baƙi ƙirin. Rubutun digirina duka yana ciki.

Na yi ta dannan F8 har yatsana ya gaji. Ashe tun zuwan Windows 8 wannan maɓallin ya daina buɗe Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai don a samu a yi gyara.

Ga abin da ya yi aiki. Na kunna, tambari na fitowa na danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Sau uku na yi haka, gabana na faɗuwa, don ji nake kamar ni ke ƙarasa ta. A kunnawa ta gaba ta rubuta Preparing Automatic Repair, shuɗin shafi ya buɗe. Na shiga Advanced options, Troubleshoot, sake Advanced options, Startup Settings, Restart, na danna 4, wato Safe Mode.

Ta tashi da manya-manyan gumaka, ba kyan gani, amma ta tashi. Kafin na taɓa komai na kwashe fayiloli zuwa filashi. Sannan na riƙe Shift na danna Restart, na koma shuɗin shafin, na zaɓi Uninstall Updates na cire sabuntawa ta ƙarshe.

Kusan minti 20 ta ɗauka. Ƙanena har ya tayar da babur zai kai ta wurin mai gyara, na ce ya kashe.