Burodin masara mai kiranberi, yadda nake gasa shi don bikin Godiya

A Amurka duk Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba hutu ce, ranar bikin Godiya da suke kira Thanksgiving. Tun 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta a matsayin ranar ƙasa, kuma har yau abin da ake yi bai wuce taruwar dangi a kewaye tebur a ci gasasshen talotalo ba. Ni ina zaune ne a jihar Wiskonsin, kuma tun shekarar da maƙwabta suka fara gayyatarmu aka ɗora mini burodin masara, wai tunda na ce a kan tuwon masara na girma ai ba zai gagare ni ba. Ya gagare ni a karon farko. Garin tuwo na yi amfani da shi, mai laushi kamar hoda, wanda na sayo a shagon kayan Afirka, abin ya fito a cushe kamar an gasa malmalar tuwo. Mutane suka ci don kara, ni kuwa na dawo gida da rabinsa.

To daga gari za mu fara. Garin da ake so mai ɗan tsaki-tsaki ne, ya fi garin tuwo kaushi amma bai kai tsakin dambu ba. In kika murza shi tsakanin yatsu za ki ji kamar yashi mai laushi. Rawaya nake saya, don jan kiranberi ya fi fitowa a jikinsa, amma fari ma yana yi.

Shi kuma kiranberi ɗan itace ne ja jawur, girmansa kamar na magarya, tsaminsa kuwa ya fi na zoɓon da ba a sa wa sukari ba, har da ɗan bauri a ƙarshe. Jiharmu ce kan gaba wajen noma shi, fiye da rabin abin da Amurka ke samu daga nan yake fitowa, sai Masacusets ke bin baya. Da kaka, daga Satumba zuwa farkon Nuwamba, manoma kan cika fadamar da ruwa su kaɗe 'ya'yan, sai su taso sama su rufe ruwan da ja. In kika raba ɗaya biyu za ki ga dalili: ramuka huɗu ne a ciki cike da iska. A shago ana sayar da shi a leda mai giram 340, rabinta ya ishe ki wannan aikin.

Ga ma'aunin, da kofin awo na nan wanda ke cin kimanin mililita 240. Garin masara kofi 1, fulawa kofi 1, sukari rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 2, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ƙwai 2, bota babban cokali 6, kiranberi kofi ɗaya da rabi, ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya a kankare, da nono mai tsami kofi 1. Nonon da suke amfani da shi a nan batamilk ake ce masa, kusan ɗaya suke da tsala irin wanda aka kaɗe aka cire mai. In babu shi, ki tsinka yogot marar sukari da ɗan ruwa, ko ki matsa babban cokali ɗaya na lemon tsami a kofin madara ki bar shi minti goma.

Abu biyu nake yi tun kafin na kunna obin, kuma su ne suka raba burodina na yanzu da na da. Na farko, ki zuba garin masarar shi kaɗai a cikin nonon, ki juya, ki rufe ki bar shi ya jiƙa kamar minti ashirin. Masara ba ta shan ruwa da sauri kamar fulawa. In ba ta jiƙa ba, mai ci zai riƙa jin tsaki a haƙori. Na biyu, ki wanke kiranberin ki tsince. Mai kyau tauri gare shi, in ya faɗi a kan katako har tsalle yake yi, duk wanda ya yi laushi ko ya yamutse ki zubar. Sai ki raba kowane ɗaya biyu da wuƙa. Aiki ne mai cin rai, gangarawa suke yi ta ko'ina, ni 'yata nake zaunarwa ta yi. Amma kada ki tsallake shi. In kika zuba su a dunƙule, kowane ɗaya zai fashe a cikin wuta ya bar rami mai ruwa, wanda ya ci karo da shi kuma sai ya runtse ido don tsami. Idan an gama yankawa, ki ɗebi babban cokali biyu daga cikin sukarin nan ki barbaɗa musu, ki zuba ɓawon lemon, ki cakuɗa ki ajiye su gefe su ma su huta.

Yanzu ki kunna obin a kan 400 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin 200 a ma'aunin Salsiyos. Ki sa kaskon baƙin ƙarfe mai faɗin inci 9 ko 10 a ciki tun wutar tana sanyi, su yi zafi tare. Wannan kaskon na koye shi ne wajen wata dattijuwar maƙwabciyata 'yar asalin jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Ita a wurinta burodin masarar da aka sa wa sukari ba burodi ba ne, kek ne, kuma ta faɗa mini haka a gaban jama'a tana kan cin yanka na biyu. Tsohuwar gardama ce a ƙasar nan: mutanen kudu sun fi son nasu da masara zalla ko fulawa kaɗan, sukari kaɗan ko babu, na arewa kuma suna son shi da zaƙi da taushi. A burodin masara tsura ina bayanta. Amma da kiranberi a ciki, rabin kofin sukarin nan ba ado ba ne, in kika rage shi da yawa ba mai iya ci.

Akwai abu guda da ban ɗauka daga wurinta ba. Su da kitsen alade suke shafe kaskon, kuma wasu garin burodin masara na kwali da ake sayarwa a shaguna ma da kitsen alade a cikinsu. In an gayyace ki gidan wani ki tambaya, in za ki sayi na kwali ki karanta bayansa. Bota tana yin aikin tsaf, man shanunmu da aka soya ma ya fi ta ƙamshi in kin samu.

Ki narkar da cokali 5 na botar ki bar ta ta ɗan huce, don kada ta dafa ƙwan. Ki fasa ƙwai a kan jiƙaƙƙen garin, ki zuba botar, ki kaɗa su haɗe. A wani kwano daban ki haɗa fulawa da ragowar sukari da gishiri da bekin foda da bekin soda. Aikin sodar kamar na kanwa ne a ƙullin waina, tana haɗuwa da tsamin nono ta kashe kaifinsa, ta kuma tayar da kumfa. Da zarar ta taɓa nonon ta fara aiki, shi ya sa ba a haɗa busasshe da jiƙaƙƙe sai kasko ya yi zafi yana jira.

Ki juye fulawar a kan ƙullin ki juya da muciya ko cokalin katako, a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Da kin daina ganin busasshiyar fulawa ki tsaya, ko da kin ga 'yan gudaji. Hannun da ya saba tuƙa tuwo zai so ya ci gaba har sai ya yi sumul, ki hana shi. Yawan juyi yana sa fulawa ta yi danƙo, burodin ya fito da tauri. Sai ki zuba kiranberin da ɗan ruwan da ya tsatso, ki bar kamar cikin tafin hannu ɗaya, ki juya sau uku ko huɗu kawai.

Ki fito da kaskon da tsumma mai kauri, ki jefa cokalin botar da ya rage, ki karkata shi ta zagaye har gefe-gefe. Ki juye ƙullin nan take. Ya kamata ki ji ya yi cuuu, ki ga bakin ƙullin ya fara soyuwa; daga nan ɓawon ƙasa mai ƙaras-ƙaras yake samuwa. Ki jera ragowar kiranberin a sama, ki barbaɗa sukari kaɗan, ki mayar cikin obin.

Minti 20 zuwa 25 yake ɗauka. Nawa obin ɗin a minti 22 yake gamawa, naki kuma sai kin gwada. Alamar nuna ita ce sama ya yi ruwan zuma, gefen ya ɗan janye daga jikin kasko, in kin soka tsinke a tsakiya ya fito ba ƙulli. Ki soka a wurin da babu kiranberi, don jiƙarsa za ta ruɗe ki ki ƙara masa wuta ya bushe. Ki bar shi ya huta minti goma sha biyar kafin ki sa wuƙa, in ba haka ba marmashewa zai yi.

In daskararren kiranberi kika samu, ki yanka shi a daskare ki zuba, kada ki bari ya narke, sai dai ki ƙara minti biyu ko uku a wuta. Busasshe kuwa an riga an sa masa sukari tun daga kamfani, don haka kofi ɗaya ya isa, ki jiƙa shi a ruwan lemon zaƙi mai ɗumi na minti goma sha biyar, ki tsane, ki rage sukarin ƙullin zuwa sulusin kofi.

Ranar bikin talotalo ne ke mamaye obin na awanni, don haka nakan auna busassun kayan tun daren Laraba, in yanka kiranberin in sa a firij. Da an fito da talotalon ana jiran ya huta kafin a yanka, sai in ƙara wuta in sa kaskona, burodin ya iso tebur da ɗuminsa, da bota da zuma a gefe. In ya yi saura, washegari nakan raba yankan biyu a kwance, in soya a ɗan man shanu har ya yi ja, mu karya da shi da shayi mai citta.