Yadda nake sa ƙwayoyin jijiya masu hanawa su yi haske a ƙwaƙwalwar ɓera

A ɓawon ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin jijiya masu hanawa, wato masu sakin sinadarin GABA don rage zumuɗin sauran, ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. A ƙarƙashin maikiroskof kuwa sun saje da maƙwabtansu, shi ya sa muke sa su su yi haske da kansu.

Ɓeraye iri biyu kake bukata. Na farko yana ɗauke da Cre, wani sinadari da aka samo daga bairos mai suna P1 da ke kama bakteriya, aikinsa yanke duk DNA da ke tsakanin wasu gajerun alamomin DNA biyu da ake kira loxP. An dasa shi yadda ba zai kunnu ba sai a ƙwayoyin da kake nema. In duka masu hanawa kake so, ɗauki Gad2-Cre ko Vgat-Cre. In reshe ɗaya ne na masu hanawar, akwai Pvalb-Cre (na masu furotin parvalbumin), Sst-Cre da Vip-Cre, kowanne da sunan furotin da reshensa ke yi. Na biyu shi ne mai launi. Ni Ai14 nake zaɓa, wanda Cibiyar Allen da ke Siyatil ta fitar a 2010. Yana ɗauke da jan furotin tdTomato, amma an toshe shi da alamar tsayawa da ke tsakanin loxP biyu, kamar fitila da aka ɗaure makunninta, sai Cre ya zo ya kwance. Duka ana samun su a Jackson Laboratory a Amurka.

Kafin ka haɗa ko ɓera ɗaya, sami izinin kwamitin kula da dabbobin bincike. Wannan ba abin ja-in-ja ba ne.

Haɗa su suna da mako 6 zuwa 8. Ciki kwana 19 zuwa 21 ne, yaye kuma bayan mako uku. In Ai14 ɗinka yana da kwafi biyu, mai Cre kuma kwafi ɗaya, rabin 'ya'yan za su gaji duka biyun. Ɗan tsaga kaɗan daga kunne, a yi gwajin DNA na PCR, ka san wane ne wane.

Bayan an yi wa ɓeran allurar barci mai zurfi, a bi ta zuciya a wanke jini, a sa farafomaldihaid kashi 4 cikin ɗari, wato sinadarin da ke daskarar da nama kar ya lalace. A yanka ƙwaƙwalwar siriri, maikiron 40 zuwa 50, a haska da koren haske. Ja zai fito fes, har da rassan ƙwayoyin.

A nan ne nake roƙon kowa ya tsaya ya natsu. Yankan Cre ba ya komawa. Ƙwayar da ta kunna Sst na ɗan lokaci tana jaririya za ta zauna ja har abada, ko da daga baya ta zama mai parvalbumin, kuma an ga hakan a ɓerayen Sst-Cre. Jan yana ba ka labarin abin da ƙwayar ta taɓa yi ne. Vgat-Cre kuma yana kama masu sakin gilaisin, wani sinadarin hanawa daban da GABA, a tushen ƙwaƙwalwa da laka. Saboda haka ba na ƙirga ko ƙwaya ɗaya sai na rina wasu yanka da antibodi, wato furotin da ke manne wa abu ɗaya tak, na parvalbumin ko GABA, na duba ja nawa ne suka dace da shi a yankin da nake aiki. In kana son launin ya fara a lokacin da ka zaɓa, nemi mai CreER, wanda ba ya aiki sai an ba ɓeran tamozifen.

Wani lokaci Cre yana kunnuwa a ƙwai ko maniyyi. In ka ga ɗan ɓera ya yi ja har fata da wutsiya, cire shi daga ƙirga, kar kuma ka bar shi ya haihu.