Yadda ake karanta ƙorafin masu saye kafin ka tura kuɗi

Masu sabon shiga sayayya ta intanet a nan Garwa ta Kamaru iri biyu ne: wani ya ga makin da masu saye suka ba kaya tauraro ɗaya ne cikin biyar ya gudu, wani ya ga 4.8 ya tura kuɗi ido rufe. Babu wanda ya karanta komai a cikinsu.

Da farko, tsallake masu tauraro biyar. Yawancinsu ranar da suka buɗe kwali suka rubuta, ɗoki ne ke magana. Ni wurin masu biyu da uku nake zuwa, su ne suka yi amfani da kayan.

Sai ka raba kukan hanya da kukan kaya. Mutumin Faransa na ƙorafin jiran mako uku, kai da kayanka sai sun biyo ta Duwala ko Yawunde kafin su hawo arewa, ina ruwanka? Haka ɗan Amurka da filogi ya ƙi shiga soket ɗinsa: wutarsu 120 ce, tamu 220, filoginmu irin na Turai. Kai dai ka zaɓi naka daidai.

Mataki na uku shi ya kayar da ni. Nemi ƙorafin da ke maimaita kansa. Bara na sayi fanka mai caji sefa 18,000 don zafin Afrilu. Mutum huɗu daga ƙasashe daban sun rubuta magana guda: batir ya daina riƙe caji bayan wata biyu. Na ce huɗu cikin ɗaruruwa ai ba komai. Ban lura cewa su kaɗai ne suka dawo bayan sun daɗe da kayan ba, kuma ba wanda yake zaune inda zafi ke wuce digiri 40 kamar mu, zafin da ke cinye batir. Tawa ko wata biyun ba ta kai ba. Na tambayi kuɗin mayar da ita China, na haƙura. Duba kwanan wata kuma: in yabo tsoho ne, ƙorafi sabo, wataƙila an canza kaya.

Sauran ba wuya. Kalli hotunan masu saye, ka bar na mai shago. In yana amsa ƙorafi da zagi, wuce. Masu sayarwa a Facebook kuwa suna iya goge sharhi, don haka kada ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo sai kaya sun shigo hannunka.