Yadda zaka nuna wa yara hujjar sauyin halittu ko babu dakin gwaji

Malam in kana koyar da kimiyya a kauye irin namu na wajen Ringim, ba sai ka jira kayan gwaji ba, fara da ranar yanka. Ka ajiye kashin fiffiken kaza da na kafar gaban akuya, ka sa yara su taba hannunsu su kwatanta, kashi daya a sama, biyu a kasa duk da na akuya sun manne da juna, sai kananan kasusuwa. Tsari daya amma aiki daban, masana suka ce alamar tushe daya ce, wato daga kakanni daya suka fito suka rika sauyawa a hankali.

Daga nan ka tura su wajen dattawa su tambayi yadda kulorokwin yake maganin zazzabi a da, yanzu kuwa ina! Kwayoyin cutar da suka jure maganin su ne suka tsira suka hayayyafa har Najeriya ta koma ACT, wani hadin magungunan zazzabin cizon sauro, a 2005, kuma wannan tacewar ita masanin kimiyyar nan dan Ingila Charles Darwin ya bayyana tun 1859. Ni a ganina wannan hujjar tafi saurin shiga kan yara.

In da data a wayarka, nuna musu hoton kokon kan Toumai, wata tsohuwar halitta da masana da yawa ke ganin tana cikin dangin dan Adam na farko, da aka gano a hamadar Chadi a 2001, shekarunsa kusan miliyan 7.