Babi na Shida: Duba Ƙafafun Yaro Mai Tasowa

Darasi na 1: Abin da ba ciwo ba ne

Kusan duk jariri da 'yar ƙafar baka ake haihuwarsa. Ƙafar baka ita ce gwiwoyi a ware, idon sawu a haɗe. Tana miƙewa da kanta wajen shekara 2. Daga nan sai gwame ya shigo, wato gwiwoyi a haɗe, idon sawu a ware. Gwame ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, ya kan daidaita kafin shekara 7 ko 8. Goyo ba ya lanƙwasa ƙafa, komai surutun kaka. Ku goya abinku.

Darasi na 2: Yadda ake awo

Ki ari tef ɗin tela. Fuska biyu gare shi. Wadda lambarta ta ƙare a 60, inci ce, ba ita ba. Juya shi. Wadda lambobinta suka cushe har 150, ita ce santimita, ita muke so. Ana fara ƙirga daga bakin tef na wajen lamba 1, inda ɗan ƙarfen nan yake.

Cire wa yaro takalmi, naɗe masa wando. Tsayar da shi a kan daɓe, ba kan yashi ko katifa ba. Ƙoƙon gwiwarsa ya kalli gaba, ya kalle ki.

To, a nan ake tuntuɓe. Abin da ya haɗu ba shi ake aunawa ba, wurin da ya buɗe ake aunawa. Mai ƙafar baka, haɗa masa idon sawu, ki auna ramin tsakanin gwiwoyi. Mai gwame, haɗa masa gwiwoyi, ki auna tsakanin idon sawu. Mu faɗa tare: baka, haɗa ƙasa, auna sama. Gwame, haɗa sama, auna ƙasa. In kin rikice ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Dubi ƙafar kawai: ina ne hannunki zai iya shigewa? Can tef zai je.

Sake dai. Baka, auna gwiwa. Gwame, auna idon sawu. Madalla.

Kuma don Allah gwiwa ta kalli gaba. Na gaji da ganin uwa ta bar yaro ya karkace yana leƙen akuya, ta ɗora tef, ta taho tana cewa Malama ƙafar ta lalace. Awon yaro a karkace aikin banza ne. Kun iya awon gero da tiya ba ku taɓa kuskure ba, wannan ne zai gagare ku? Tsayar da shi daidai, haɗa abin da ke haɗuwa, auna inda ya buɗe.

Rubuta lambar da ranar a bayan littafinki. Bayan wata 6 ki sake. In ramin gwiwa ya wuce santimita 6, ko na idon sawu ya wuce 8, ko lambar tana ƙaruwa, sai asibiti. Haka in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta lanƙwashe, ko yaro yana ɗingishi, ko ya wuce shekara 3 bakan bai tafi ba. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya. Wannan ba karaya ba ce, kar a kai wa maɗori ya ɗaure da kara.

Darasi na 3: Laushin ƙashi

Wata lanƙwashewar laushin ƙashi ne, daga abinci yake. A ƙasar nan mafi yawa ƙarancin sinadarin kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi, ke kawo shi, ga yaron da aka yaye aka bar shi da kunu zalla. Taɓa wuyan hannunsa, ya yi kauri? Shafa haƙarƙarinsa, akwai ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi? Ya makara wajen tafiya? A kai shi, ana magani. A gida a ba shi nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, da ƙananan kifin Yauri a daka har da ƙashi. A bar shi ya yi wasa a hantsi.

Darasi na 4: Tafin ƙafa

Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa a ƙaramin yaro ba abin damuwa ba ne. Sa shi ya yi ɗage. In tsakiyar tafin ya ɗaga, lafiya lau. Jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe ciki kuwa, a kai shi tun kafin arba'in. Filasta, wato ɗaurin asibiti mai tauri kamar siminti, ake sa masa duk mako, daga baya takalmi mai ƙarfe.

Darasi na 5: Ƙafar da ta saki

Yaro yana tafiyarsa, kwatsam ƙafa ta saki. A sanar da ma'aikacin lafiya a ranar.

Aikin gida: auna yaro ɗaya, ki kawo lambar.