Kafin ka ce ka dafa sabulu a Riga

Cikin karin maganganun harshen Latbiya, wadda take fara burge 'yan'uwanmu masu zuwa karatu a Riga, babban birnin ƙasar Latbiya, ita ce savārīt ziepes. Kalma da kalma, "dafa sabulu" ke nan, amma abin da ake nufi shi ne mutum ya ɓallo ruwa, ya tafka taɓargaza. Tana da daɗin faɗa, kuma a gurin Bahaushe hoton ba baƙo ba ne, domin yadda matanmu ke dafa sabulun salo da toka da mai, haka mutanen ƙauyukan Latbiya suka riƙa dafa nasu da kitsen dabbobi a da. To amma na gaji da ganin sababbin zuwa suna faɗawa ramin da na faɗa, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Babban kuskuren shi ne rashin bambance wanda ya dafa sabulun da wanda ya tsinci kansa a ciki. Savārīt ziepes tana nuna mai laifi. Idan ka ce es savārīju ziepes, ka amsa da bakinka cewa kai ka yi aika-aikar. Idan kuwa masifa ce ta auko maka, sai ka ce es iekūlos ziepēs, wato na tsunduma cikin sabulu, ko kawai mums ir ziepes, muna da matsala. Bambancin "na ɓallo ruwa" ne da "ruwa ya ci ni", kuma babu Bahaushen da zai rikita waɗannan biyun a gaban mai gidansa.

Ni na rikita su. A shekarata ta farko ina aikin ƙarshen mako a kicin ɗin wani gidan abinci. Wata Asabar ni na buɗe ƙofa, na tarar babban firji ya mutu cikin dare, ruwa ya malale a ƙasa, kifin da aka sayo jiya ya fara wari. Na kira shugabar kicin jikina na rawa. Niyyata in ce mata mun shiga uku, kuma in nuna mata na fara iya harshensu. Sai na ce es savārīju ziepes. Ta yi shiru, sannan ta tambaya: "Tu?" Wato kai? Na ce mata e, ina zaton tambaya take ko ni ne a layi. Kafin azahar kowa a wurin ya yarda ni na bar ƙofar firjin a buɗe. Aka rage mini ranakun aiki har mako biyu, kuɗin haya ya gagare ni a watan, sai da mai gyara ya zo ya ce injin ne ya ƙone da kansa. An mayar mini da ranakuna, amma mabuɗin kicin bai sake dawowa hannuna ba. Har yau abin na yi mini ciwo, saboda ba ƙarya aka yi mini ba, ni na yanke wa kaina hukunci da kalma uku.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na haɗa es da savārīju sai na tabbata laifin nawa ne kuma na shirya ɗaukarsa. In abu ya lalace, abin nake fara ambata, ba kaina ba. Firji ba ya aiki, shi ke nan. Wasu za su ce tsoro ya yi mini yawa. Su faɗa, ni na san abin da na biya.

Na biyu, kuma a nan ne nake jin haushinku sosai: ku daina kai wannan magana inda ba muhallinta ba. Ziepes a wannan ma'ana maganar hira ce, ta abokai da 'yan gida. Duk wanda kake ce wa Jūs, wato "ku" ta girmamawa, maimakon tu, malaminka ne, ko mai gidan haya, ko jami'in da ke duba takardun zamanka, ba a tunkararsa da sabulu. Na ga wani ƙanenmu ya bar famfo a buɗe, ruwa ya zubo wa tsohuwar da ke ƙasansa ta rufi, ya je ƙofarta yana murmushi da karin maganarsa. Ita kuwa ta ji kamar asararta ta zama abin wasa. Haba ɗan'uwa! A gida za ka ɓata wa dattijuwa ɗaki ka je kana yi mata salon magana? Ka ce atvainojiet, ki yi haƙuri, ka ce es pieļāvu kļūdu, na yi kuskure, sannan ka tambayi kuɗin gyara.

Sai batun jan wasali. Latbiyawa suna ɗora ɗan layi a kan wasalin da ake ja, kuma layin nan ba ado ba ne. Es vāru, ina dafawa. Es varu, zan iya. Kunnenmu ya riga ya san wannan, domin garin Kano daban, garin tuwo daban, ko da yake rubutunsu ɗaya. Matsalar ita ce rubutunmu na boko bai saba mana da sa alamar ba, sai mu yar da ita a waya. Haka ziepes da ziepēs: ja na ƙarshen shi ne yake ba da ma'anar "a cikin". Ni na sa madannin Latbiya a wayata, kuma ba na aika saƙo sai na karanta shi a bayyane.

Ƙananan kurakurai kuma ga su. Ziepes kullum jam'i ce, kada ka ƙirƙiro mata tilo. Babbar matsala lielas ziepes ce. Nauyin murya a gaɓar farko yake sauka, a kan sa ɗin savārīt. Harafin p ba f ɗinmu ba ne, rufe leɓɓa sosai. Kada ka yar da sa- na farkon kalma, shi ke nuna an riga an gama ɓarnar. In kuma ka ji an ce būs ziepes, gargaɗi ne cewa rigima na tafe.

Akwai 'yar'uwarta da ake yi da putra, wani abinci na hatsi mai kama da kunu mai kauri: ievārīt putru, dama kunun rikici. Daga ita ake cewa pats ievārīji, pats izstreb, kai ka dama, kai za ka shanye, daidai da namu na kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mace ana ce mata pati, ba pats ba. Wannan ita ma sai aboki na kusa, kuma ni ba na faɗa wa kowa ita a ranar da abin ya same shi.